Yadda Ake Zana Hoton Cunkoso Na "Nemo Ni" Ba Tare Da Shafin Ya Rikice Maka Ba

Irin hoton da nake nufi shi ne wanda ake cika shafi maƙil da mutane da dabbobi da kaya, sannan a ce wa yaro ya nemo mutum ɗaya a ciki. Wanda ya fi shahara a duniya shi ne Where's Wally? na Martin Handford, ɗan Ingila, wanda ya fito a 1987, a Amurka kuma Waldo suke kiran mutumin. Amma salon ya girmi littafin nesa ba kusa ba, domin tun a 1560 Pieter Bruegel ya zana fili guda ɗauke da yara sama da 200 suna wasanni iri-iri. Mu a nan Jos ba mu rasa abin zanawa ba. Duk wanda ya taɓa shiga kasuwar Farin Gada da sassafe, lokacin da motoci ke sauke tumatir da kabeji, ya san cewa littafi guda yana kwance a wurin, mai zanawa kawai yake jira.

Ba zan koya maka zana hannu ko fuska ba, na ɗauka ka iya. Matasan da ke kawo min aikinsu ba a nan suke faɗuwa ba. Kusan dukkansu suna farawa ne daga kusurwar takarda, su zauna kan mutum ɗaya har da zanen maɓallin rigarsa, su matsa kan na biyu. Kafin su kai tsakiya, mutanen sun fara girma ko ƙanƙancewa ba su sani ba, rumfa ta hau kan mota, babu hanyar da ɗan dako zai bi. Daga nan sai a naɗe takardar a jefa ƙarƙashin gado.

Kayan aiki ba su da yawa. Takarda mai kauri girman A3, wato santimita 29.7 da 42, fensir HB, kilina mai laushi, rula, da alƙaluman tawada biyu, mai tsini 0.1 da mai 0.3, irin waɗanda ruwa ba ya wanke su. Kada ka yi rowa a kan takarda. Ta hoton kwafi tana da arha, amma gogewa uku za ka yi ta fara tashi kamar auduga. Idan kuɗi sun yi kaɗan, sayi kwalin da 'yan makaranta ke amfani da shi a shagunan littattafai na wajen Taminus ka yanka, ya fi maka. Biro kuwa ajiye shi, yana zubar da tawada daidai inda ba ka so.

Mataki na farko ba a gida ake yin sa ba. Ɗauki ƙaramin littafi ka je wurin da za ka zana, ka sayi shayi ka zauna. Ba hoton wurin kake nema ba, ƙananan labarai kake tarawa: mai baro da ya maƙale tsakanin buhuna biyu, akuyar da ta ja ganyen kabeji mai shi yana ciniki bai gani ba, 'yar talla da tiren gyaɗa tana leƙen wayar wani, dattijon da ya naɗe kai da rawani saboda sanyi, direban keke da ke rigima a kan canji. Rubuta kamar talatin. Kuma don Allah kada ka ɗaga waya kana ɗaukar mutane hoto ba izini, ba kowa ke so ba, kuma da gaskiyarsu.

Yanzu ga matakin da ya sa na rubuta wannan bayani, wato shimfiɗa wurin kafin ka zana ko mutum ɗaya.

Fara da tambayar kanka: daga ina nake kallo? Idan ka zana kasuwa yadda mai tafiya a ƙasa yake ganinta, mutum biyar na gaba za su tare sauran ɗari biyu. Dole ka ɗaga idonka sama, ka ɗauka kana tsaye a bene hawa biyu kana leƙowa. Daga nan kana ganin kan mutane da kafaɗunsu da abin da ke cikin kwandunansu, kana kuma ganin ƙasa a tsakaninsu. Kada ka bar sararin sama ya ci maka shafi. Yatsa biyu a can sama sun isa ka nuna duwatsun Jos daga nesa, ko ma ka cire shi gaba ɗaya.

Abu na biyu zai saɓa wa abin da malamin zane ya koya maka, cewa na nesa ƙarami ne, na kusa babba. A wannan aiki ka manta da wannan doka. Wanda ke can saman shafi da wanda ke ƙasa tsayinsu ɗaya, in ma za ka rage na saman, kaɗan ƙwarai. In ka bi dokar makaranta, na baya za su zama ɗige-ɗige, yaro ba zai iya neman kowa a cikinsu ba, rabin takardarka ta tafi a banza. Dabarar da nake ba kowa ita ce: karya tsinken ashana ya zama santimita 3, shi ne tsayin babban mutum. Karya wani ya zama 2, shi ne yaro. Duk mutumin da za ka zana, ɗora tsinken tukuna ka yi ɗigo a kai da ƙafa. Za ka ga kamar ɓata lokaci ne, amma hannu yana da halin ƙara girman abu idan ya gaji, kuma ba za ka lura ba sai ka ja da baya ka duba.

Sai hanyoyi. Da fensir, a hankali ba tare da dannawa ba, ja babbar hanya ɗaya da za ta ratsa shafin a karkace, daga ƙasan hagu zuwa saman dama. Kada ta miƙe sambal, ta ɗan lanƙwasa. Fitar da lunguna uku ko huɗu daga jikinta. Wuraren da suka rage tsakanin lungunan su ne unguwanninka: nan 'yan tumatir, can 'yan dankalin turawa, gefe tashar keke, kusurwa mai shayi. Rubuta sunan kowanne da fensir. Manyan abubuwa, kamar motar kaya da rumfuna da lema, yi musu akwati-akwati kawai. Lema ka yi hattara da ita, tunda daga sama kake kallo, kowace ɗaya tana cinye maka mutum huɗu. Biyar sun isa.

Bayan haka ɗauko labaran nan talatin ka rarraba su, kowanne ka yi masa da'ira inda zai zauna. Manya guda huɗu ko biyar, irin baron da ya kife tumatir na gangarawa, su yi nesa da juna domin ido ya riƙa yawo. Sai a ƙarshe ka cike tsakani da masu wucewa, kuma a wannan lokacin ƙwai da sanda kawai za ka yi, kai da jiki. Ka bar 'yan wurare inda ƙasa ke bayyana. Shafin da babu ko tafin hannu na fili yana gajiyar da ido, yaro ya rufe littafin. Handford da kansa yakan kai mako takwas a kan hoto ɗaya, don haka idan shimfiɗa kaɗai ta ci maka mako guda, ba ka makara ba.

In littafi kake nufi, ja layi a tsakiyar takardar daga sama zuwa ƙasa. Nan ne za a naɗe a ɗinke. Duk abin da ya faɗa santimita ɗaya hagu ko dama da layin nan, ɗinki zai haɗiye shi. Sa rufin rumfa ko buhuna a wurin, kada ka sa fuska.

Ɓoye mutumin naka shi ne mataki na gaba, kuma a nan ma ana kuskure. Ba shi alama biyu da ba sa canzawa, misali yaro mai jar hular sanyi da ɗorawar riga. Masu koyo sukan tura shi bayan mota su bar kunne kaɗai a waje. Wannan zalunci ne, yaron da ya sha wahala ya gano haka ba zai sake yarda da kai ba. Fuskarsa da alamominsa biyu su fito fili. Launi ne zai ɓoye shi. Tsayar da shi kusa da kwandunan tumatir da attaruhu, jar hular ta narke a cikinsu. Sannan ka watsa masu ruɗi a shafin: wani da jar hula amma rigarsa shuɗiya, wata da ɗorawar riga amma ɗankwali ta ɗaura. Goma sun yi. Wurin da na fi so shi ne ɗan nesa kaɗan da babban abin dariya, domin ido yana zuwa kan baron da ya kife, ya yi dariya, ya tsallake wanda ke tsaye a gefe. Tsakiyar shafi da kusurwoyi huɗu kuwa nan yara ke fara dubawa.

Ƙara wasu ƙananan abubuwan nema, kamar zakara da ya tsere, takalmi wari ɗaya, buta, domin wanda ya gama da wuri ya samu abin yi.

Tawada: na gaba da 0.3, ƙananan bayanai da 0.1. Idan da dama kake rubutu fara daga saman hagu, ka sa wata takarda ƙarƙashin hannunka. Bari ta kwana kafin ka goge fensir. Wajen launi, ƙasa da rumfuna su zama masu sanyi, tufafi su ɗauki masu haske, kuma kada ka wuce launi takwas.

Kafin ka kai wurin bugawa, yi hoton kwafi mai kala ka ba yara uku masu shekaru daban-daban, ka yi shiru kana duba agogo. Idan sun gano shi kafin minti ɗaya, ƙara masu ruɗi. Idan sun wuce minti biyar sun fara kallon ƙofa, cire wasu ko ka buɗe fili kusa da shi.

A wurin sikanin ka ce a yi maka a kan 300 dpi, wato ma'aunin kaifin hoto, kada a rage. Faɗa wa mai bugawa ya bar milimita 3 na yanka a kowane gefe, kuma ya buga maka gwaji ɗaya tukuna, domin ja yakan sauya a injin, ga shi duk ɓuyarka a kan ja take. Shafukan littafin ɗinki suna tafiya ne huɗu-huɗu, ka lissafa da na amsoshi a ciki, wato shafukan da ke nuna inda aka ɓoye kowane abin nema. Na amsoshin kuwa ka zagaye wuraren a kan kwafi tun ranar da ka gama kowane hoto, ka rubuta lambar shafin a bayansa.