Idan maƙwabci ya tambaye ka game da Littafi Mai Tsarki

Ni manomi ne a wani ƙauye na ƙasar Sumaila, kuma na daɗe ina koyar da matasa a makarantar Lahadi ta majami'armu. Kakana Bamaguje ne, mahaifina ya karɓi bishara yana saurayi, rabin danginmu kuwa Musulmi ne. Tare muke gayya, rijiya ɗaya muke ɗiba, biki da zaman makoki duk tare. Shi ya sa tambaya ba ta yanke mana. Ga yadda nake koya wa yaranmu su amsa ta.

Kafin ka buɗe baki, dubi mai tambayar da wurin da kuke. Ina saurayi na taɓa yin gardama da ɗan kawuna a teburin mai shayi ranar kasuwa. Mutane suka taru, murya ta tashi, kowa na son a ce shi ya kayar. Damina guda ba mu gaisa ba, kuma abin yana damuna har yau. Tun daga nan, in aka tare ni cikin jama'a sai in ce, "Malam, tambayarka babba ce, zo gida bayan la'asar mu zauna a zaure." Mai neman sani zai zo. Idan ya zo, shimfiɗa masa tabarma, ba shi ruwa, bar shi ya kai aya. Ka faɗi abin da ka gaskata, kada ka taɓa addininsa da baƙar magana. 1 Bitrus 3:15 ta ce mu zauna a shirye mu ba da amsa, amma da tawali'u da ladabi, kuma sau da yawa rabin ayar na biyu muke mantawa.

Tambayar da ta fi yawa ita ce, "Allah nawa kuke bauta wa?" Ka ce ɗaya, ka ɗan yi shiru maganar ta zauna. Sannan buɗe Maimaitawar Shari'a 6:4, wadda tsohuwar fassara ke kira Kubawar Shari'a, ka ba shi ya karanta da kansa. Ka juya zuwa Markus 12:29, inda Yesu ya maimaita wannan ayar da wani malamin Attaura ya tambaye shi umarni mafi girma. Bayan haka ne za ka ce wannan Allah ɗaya ya bayyana kansa Uba, Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, ka nuna masa Matiyu 28:19, inda aka ce a yi baftisma cikin suna, ba sunaye ba. Wasu na zaton Maryamu tana cikin ukun. Ba ta ciki, kuma babu ikilisiyar da ke koyar da haka.

In ya ce kalmar Triniti, wato koyarwar Allah ɗaya cikin Uba, Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, ba ta cikin Littafi, ka yarda, don gaskiya ne. Kalma ce da masu bi na farko suka yi amfani da ita don su tattara abin da ayoyin suka faɗa. A shekara ta 325 shugabannin ikilisiya sun taru a Nikiya, cikin ƙasar Turkiyya ta yau, saboda wani mai suna Ariyus yana koyar da cewa Ɗan halitta ne. Suka ƙi koyarwarsa, suka rubuta shaidar bangaskiya cewa Ɗan da Uban ainihinsu ɗaya.

Ina roƙonku ku bar misalin duwatsun murhu. Na sha jin yaranmu na cewa duwatsu uku, tukunya ɗaya. Dutse guda sulusin murhu ne, Uba kuwa ba sulusin Allah ba ne, cikakken Allah ne. Misalin ruwa da ƙanƙara da tururi ma bai tsaya ba, domin yana nuna abu ɗaya ne ke sauya kama, alhali a Matiyu 3:16-17 Ɗan yana fitowa daga Kogin Urdun bayan baftisma, Ruhu yana saukowa, muryar Uba tana fitowa daga sama, duk a lokaci guda. Gara ka ce Allah ba shi da tamka, don haka babu abin da ke tsakar gida da zai kwatanta shi daidai.

Maganar da ta fi sosa ran 'yan'uwanmu ita ce "Ɗan Allah". Wani baffana ya taɓa riƙe hannuna muna sussukar dawa ya ce, "Ɗana, yaya mutum mai hankali kamarka zai ce Allah ya yi aure ya haihu?" Na ce, "Baffa, wanda ya faɗi haka ya yi saɓo, a wurinmu ma." Sai ya saki hannuna ya gyara zama. Daga nan ake farawa, domin abin da yake ƙyama mu ma muna ƙyamarsa. Luka 1:34-35 ta nuna Maryamu budurwa ce, cikin kuma da ikon Ruhu Mai Tsarki ya samu. Hausa da kanta tana taimaka maka: muna cewa ɗan Kano, ɗan kasuwa, ɗan hanya, ba wanda ya taɓa zaton kasuwa ta yi naƙuda. Amma kada ka tsaya a nan, don Yesu ya wuce haka. Yahaya 1:1 da 1:14 sun ce Kalman yana nan tun fil azal tare da Allah, shi kansa Allah ne, sannan ya zama mutum ya zauna a cikinmu. Ɗa a nan yana nufin wanda ainihinsa ɗaya da Uban, ba wanda aka samu daga baya ba. Baffa bai yarda da ni ba, amma ya daina cewa muna yi wa Allah mata, kuma da kansa ya gyara wa wani wannan maganar a gabana.

Sai batun cewa an canja Linjila. A nan sanin tarihi kaɗan yana da amfani. An rubuta Tsohon Alkawari da Ibrananci, ban da wasu sassa na Daniyel da Ezra da ke da Aramiyanci, Sabon Alkawari kuma da Helenanci, wato harshen Girka. Abin da ke hannunmu fassara ce. Cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito a 1932, kuma Likita Miller na Zariya yana cikin waɗanda suka ɗauki nauyin aikin. Daga baya aka sake fassarawa, shi ya sa na mahaifina ke cewa Yohanna, nawa ke cewa Yahaya. Hausar ce aka sabunta, asalin yana nan. A 1947 aka fara gano naɗaɗɗun littattafai a kogunan Kumran kusa da Tekun Gishiri, ciki har da littafin Ishaya cikakke da aka kwafa kafin haihuwar Almasihu, kuma da aka gwada shi da wanda ake karantawa, saƙon bai sauya ba. Akwai kuma kwafin Sabon Alkawari gaba ɗaya daga ƙarni na 4, wanda aka samo a Dutsen Sina'i, yawancinsa yana ajiye a Landan.

Kada kuma ka ɓoye abin da ke da wuya. Da hannu ake kwafa a da, masu kwafa sun yi kurakurai. Markus 16:9-20 da labarin matar da aka kama da zina a Yahaya 7:53 zuwa 8:11 ba sa cikin kwafe-kwafe mafi tsufa, kuma bugu da yawa suna faɗin haka a ƙasan shafi. Ka nuna masa da yatsanka tun kafin wani ya nuna masa a waya. Yawan tsofaffin kwafe-kwafen ne ya sa aka iya gane waɗannan wurare, kuma mutuwar Almasihu da tashinsa ba a kansu suka rataya ba.

"To me ya sa Linjilarku huɗu?" Bishara ɗaya ce, shaidu huɗu: Matiyu, Markus, Luka da Yahaya. Ka tuna masa zaman shari'a a ƙofar dagaci in shanu sun shiga gona. Shaidu huɗu in suka faɗi magana iri ɗaya kalma da kalma, dagaci zai ce sun haɗa baki. Luka ma a farkon littafinsa ya faɗa cewa ya bi diddigi ne daga waɗanda suka gani da ido.

Sauran tambayoyin ba sa buƙatar dogon zama. Ina Kayinu ɗan Adamu ya sami mata? Farawa 5:4 ta ce Adamu ya haifi waɗansu 'ya'ya maza da mata. Kuna azumi? Muna yi, Katolika da Angilikan ma suna da kwana 40 kafin Ista, bikin tashin Almasihu daga matattu, amma Matiyu 6:16-18 ta hana mu yin sa don a gani. Me ya sa littafin Katolika ya fi kauri? Namu littattafai 66 ne, nasu 73, bambancin duka a Tsohon Alkawari yake, Sabon kuwa 27 ne a wurin kowa.

Ni tsinken tsintsiya nake sakawa a waɗannan shafuka don kada in tsaya lalube baƙo na jira. Ina kuma da ɗan littafin rubutu a aljihun riga. Tambayar da ta fi ƙarfinka, ka ce, "Ba ni mako guda," ka rubuta ta, ka kai wa Fasto ko wani dattijon ikilisiya ranar Lahadi, sannan ka taka da ƙafarka har gidan mai tambayar ka kai masa amsar, ko da shi ya manta ya yi ta.