Idan bureka tana yawan faɗuwa, kada ka sauya ta da babba

Da zarar ka faɗa a majalisa cewa burekar gidanka na yawan faɗuwa, sai wani ya ce: "Ai ƙarama ce, cire ta ka sa mai ampiya 40, ka huta." Da zuciya ɗaya yake faɗa, amma wannan shawara ce ke ƙona gidaje. Ana sa bureka ne don ta kare wayar da ke binne cikin bango, kuma ana zaɓar girmanta daidai da kaurin wayar. In ka ƙara mata girma, wayar tana nan yadda take, sai dai yanzu babu mai tsayar da wuta idan ta yi mata yawa.

Wutar gida a Najeriya bolt 230 ce. Wayar fitilu mai kaurin milimita 1.5 ana ba ta bureka mai ampiya 6 ko 10. Wayar soket mai milimita 2.5 tana tafiya da mai ampiya 20. Babban murhun girki na lantarki (kuka) yana son layinsa shi kaɗai, da waya mai milimita 6. Raba wat ɗin kowane kaya da 230, za ka san ampiya nawa yake ja, wato yawan wutar da ke bi ta wayar: butar dafa ruwa mai wat 2,000 tana jan kusan ampiya 9, dutsen guga mai wat 1,200 ya ja 5, risho na lantarki mai wat 1,500 ya ja kusan 7. Su uku a layi ɗaya sun haura 20, in aka ƙara wani kaya mai nauyi a kai, burekar za ta faɗi. Da mai ampiya 40 ce a wurin, ba za ta motsa ba. Wayar za ta yi ta zafi cikin bututu, robarta ta bushe ta tsage, har ranar da tagulla zai taɓa tagulla.

Akwai abin da mai gida zai iya yi da kansa. Zare duk abin da ke jone a layin, ka ɗaga burekar sau ɗaya, sannan ka riƙa mayar da kayan ɗaya bayan ɗaya. Idan sai bayan mintuna da kunna kaya da yawa take faɗuwa, nauyi ne ya yi yawa. Idan kaya guda ne ke kayar da ita nan take, laifin nasa ne, a kai shi gyara. Idan kuwa ta faɗi alhali babu komai a jone, matsalar na cikin wayarin, a nan aikinka ya ƙare. Kada ka yi ta ɗaga ta, kada a danne ta da tsinke ko salatif.

Kira ma'aikaci a ranar, ba sai mako mai zuwa ba, in ka ji warin roba mai ƙuna, ko ka ga bakin soket ya yi baƙi, ko filogi ya yi zafin da ba ka iya riƙe shi, ko famfon banɗaki yana ɗan jan hannu. Wannan na ƙarshe shi ne aka fi rainawa, har a ce "sa silifas kawai", alhali alama ce wuta na zuba a jikin ƙarfe kuma wayar ƙasa, wadda ke kai irin wannan wutar cikin ƙasa, ba ta aiki.

Ƙwararre ana gane shi da awo. Zai maƙala mita a wayar ya ga ampiya nawa take ɗauka lokacin da kaya ke kunne. Zai kashe wuta ya gwada lafiyar robar wayar da na'urar Megger a kan bolt 500, in awon da ta nuna na ƙarfin robar wajen tare wuta ya gaza megaom 1 kuwa bai yi ba. Zai buɗe akwatin burekoki ya ɗaure kusoshin da suka saki, don haɗi mai lako-lako yana zafi ko da nauyi bai yi yawa ba, kuma bureka ba ta ganinsa. Zai feƙe bakin wayar ya duba, saboda kasuwa cike take da wayar da aka rubuta 2.5 a jikinta amma tagullan bai kai ba. Wanda ya zo da sukundireba mai fitila kaɗai ya ce a sayo babbar bureka, sallame shi. Duk ma'aikacin da ka kira, tambayi takardar ƙwarewarsa. NEMSA, hukumar gwamnati mai duba ingancin aikin lantarki, ita ce ke ba masu aikin wayarin shaida a Najeriya.

Maganin da ƙwararre zai bayar yakan fi na majalisa tsada: a ja sabon layi ga na'urar sanyaya ɗaki ko hitar wanka, a raba kicin da ɗakuna, a kafa sandar ƙasa a gwada ta, a sa burekar kare rai mai miliampiya 30, wadda ke yanke wuta idan ta fara zuba ta jikin mutum ko ƙarfe. Ita wannan tana da maɓallin gwaji a jikinta, a riƙa danna shi duk bayan 'yan watanni a ga ta faɗi. In ta fara faɗuwa da damina, galibi ruwa ne ya shiga soket ko fitilar waje. A nemo inda ya shiga a toshe, kada a bari wani ya zagaye ta da waya.