Yadda nake sara a gonar itatuwa ba tare da na cinye ta ba

Kafin ka ɗauki gatari, ka san shekara nawa itacenka ke yi kafin ya isa sara. Itacen turaren da ake so don sandunan rufi yakan kai a shekara 5 zuwa 8. In naka shekara 8 yake yi, raba filin kashi 8, kowace shekara ka sare kashi ɗaya kawai. Kafin ka zagayo kan na farko ya sake tashi.

Itatuwan katako irin su maɗaci kuwa ba a yi musu aski haka, sai dai tsinta. A nan ake tafka asara. Mai saye zai zo ya nuna maka miƙaƙƙu masu kauri, don su yake so. Ni karkatattu, da masu kogo, da waɗanda suka matse na kirki nake fara shafa wa fenti, alamar su za a sare. Miƙaƙƙun nan su ne iyayen iri. In ka sare su duka, 'ya'yan karkatattu ne za su gaje filin, kuma ba za ka ga ɓarnar ba sai bayan shekaru.

Da rani nake sara, lokacin da ƙasa ta bushe, don jan gungume a jiƙaƙƙiyar ƙasa yana danne ta ya raunata saiwoyi. Ka fara yanka baki a gefen da kake so itacen ya faɗi, zurfinsa kamar kashi ɗaya cikin huɗu na kaurinsa. Sai ka koma baya ka yanka ɗan sama kaɗan, amma kar ka haɗe yankan biyu. Ɗan abin da ka bari a tsakiya shi ke riƙe itacen ya kwanta inda aka nufa. Kowa ya matsa nesa, ninki biyu na tsawon itacen.

Kututture dai kar ka raina shi. Turare da darbejiya suna sake toho, don haka ka yanke ƙasa-ƙasa, santimita 10 zuwa 15, a karkace yadda ruwa ba zai kwanta ya ruɓar da shi ba. Toho zai fito da yawa. Bayan kamar shekara guda ka zaɓi 2 mafi ƙarfi, ka cire sauran.

Itatuwan bakin rafi ba na taɓa su, su ke riƙe gaɓa. Kashin da aka sare kuma a killace shi, don awaki ba sa barin sabon toho, sannan a share hanyar tsare gobara kewaye da filin kafin ciyawa ta bushe.