Yadda za mu hana tafkunan Sakkwato cikewa da yashi

Jama'a duk wanda yat tashi gefen Gulbin Rima ya san tafki ba dare ɗaya yake mutuwa ba, cikewa yake a hankali, kowace damina kwari ya kwaso yashi daga tudu ya zuba mai, shekara kaɗan sai ka ga inda ake su da ya koma filin ƙwallo. Dattawan Illela in ka zauna da su za su ba ka labarin yadda tafkin Kalmalo yake da da yadda ya koma. Ko madatsar Goronyo da anka gama a 1984 wannan matsala ta yashi ba ta bar ta ba, balle ɗan tafkin ƙauyenku. Don haka in kuna son gyara, ku fara daga tudu, kar ku fara daga cikin ruwa.

Ranar da anka yi ruwa mai ƙarfi ku fita ku bi sawun ruwan, ku ga ta ina yake gangarowa. Duk kwarin da kunka ga ruwansa ja ne jawur, to shi ne ɓarawon. Nan za ku jera duwatsu ko buhunan ƙasa ku tare shi, amma ba tari guda babba ba, ƙanana ƙanana daga sama har ƙasa, tsayin gwiwa ya isa, kuma tsakiyar ta fi gefe gajarta don ruwa ya bi ta sama ya wuce, in ba haka ba sai ya zagaye ya ci gefen ya buɗe muku sabon kwari wanda ya fi na da muni. Bayan kowane tari a dasa jema ko gamba a jere, saiwarsu na riƙe ƙasa, ga shi kuma gamba ana zana da ita, ba asara.

Sai bakin tafkin kansa. A nan ne rigima take, don kowa na son ya kai albasarsa ko tafarnuwa har bakin ruwa, ni ma na san daɗin wurin, amma wallahi garmar da ta kai gaɓa ita ke ture ƙasa ciki. A bar 'yar tazara ba noma, ciyawa ta fito, a sa giginya ko bagaruwa. Taki da feshi kuma a ja da su baya, kuma don Allah a daina wanke tankin feshi cikin tafki, nan fa ake ɗiban na sha, nan yara ke wanka.

Wanga aiki ba na mutum ɗaya ba ne. Kafin a taɓa komi a zauna da uban ƙasa da mai unguwa da Sarkin Ruwa da Ardo, a fitar da mashaya da burtali a sa musu alama kowa ya gani, don in ka shinge bakin ruwa ba ka bar ma shanu hanya ba to ka sayi faɗa ne kawai, kuma shanun za su tattake dashen naka. Sarkin Ruwa shi ya san lokacin rufe ruwa, a ƙarfafa mai gwiwa ya hana yin su lokacin da kifi ke ƙwai, ya hana taru mai ƙananan ido da ke kwashe 'ya'yan tarwaɗa da gargaza, mai zuba guba kuwa ba sai an yi dogon zance ba, a kai shi gaban hukuma.

Ciyawar kachalla kuma in ta shigo tafki kar a jira. Ƙona ta banza ne, damina na dawowa ta fito fiye da da. A yanke ta ƙarƙashin ruwa, ruwan ya rufe kututturen, a sake komawa in ta tsiro, kuma a kwashe abin da anka yanke a fitar waje. In anka bar ta ta toshe hanyar ruwa, ga sauro, ga tsuntsayen jan baki sun samu gidan kwana kusa da shinkafarku.

Masu gini cikin fadama su ma a faɗa musu gaskiya tun ana aza tubali. Wanda ya ga ambaliyar 2010, lokacin da ruwa ya yanke hanyar jami'ar Ɗanfodiyo, ya san fadama wurin kwanan ruwa ce. Haka tifofin yashi, a nuna musu inda za su ɗiba nesa da gaɓa da ƙafar gada.

Abu na ƙarshe mai sauƙi, ku kafa sanda ko ƙarfe a wuri guda cikin tafkin ku yi mata zane, duk ƙarshen rani wani ya ɗauki hoto da waya. In za ku je ƙaramar hukuma ko ofishin hukumar raya kogunan Sakkwato da Rima neman a yashe muku tafki, hotunan nan ku tafi da su tare da takardar da uban ƙasa ya sa ma hannu.