Yadda Ake Haɗa Abin Sha Mai Sanyi a Bazara da Kayan da Ba Su Daɗewa a Kasuwa

Daga tsakiyar watan Maris har zuwa faɗuwar ruwan farko, zafin rana a Birnin Kebbi da Argungu da Gusau yakan haura digiri 40, kuma a wannan lokaci ne hankalin kowane gida yake komawa kan randa da firji fiye da tukunyar tuwo. A ƙasashen Turai da Amurka, masu shan giya sukan gauraya ta da ruwan 'ya'yan itace da ƙanƙara idan nasu zafin ya zo, wasu ƙananan masana'antu kuma sukan dafa wata 'yar kaɗan wadda za a saye cikin makonni ta ƙare. Wannan ba hanyarmu ba ce, domin addini ya haramta, doka ma ta hana tun da aka ƙaddamar da shari'a a Gusau a 1999, Kebbi ta bi sahu a 2000. Amma iya haɗa tsami da zaƙi da ƙamshi a kofi guda, da jiran abin da ba ya samuwa sai a lokacinsa, mun gaje su tun kaka da kakanni, kuma a kansu wannan bayani zai tsaya.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a zuba komai a tukunya ɗaya, a dama, a cika robobi, sannan a yi ta jiran wutar lantarki. Abin da ya fi dacewa shi ne a tanadi kowane ɓangare daban, da kaurinsa, sai lokacin sha ya yi a haɗa. Ɓangarorin kuwa uku ne: ruwan tsami, ruwan zaƙi da ruwan kayan ƙamshi.

Ruwan tsami yana fitowa daga zoɓo ko tsamiya ko lemun tsami. Idan zoɓo ne, a zaɓi mai duhun ja wanda ya bushe sarai, a wanke shi da ruwan sanyi cikin hanzari don a fitar da ƙura da yashi ba tare da launinsa ya tsiyaye ba. Kofi biyu na busasshen zoɓo ya ishi lita biyu na ruwa. A tafasa ruwan tukuna, a zuba zoɓon, a bar shi kan wuta kamar minti goma, sannan a sauke a rufe har ya huce da kansa kafin a tace. Tafasa shi na tsawon lokaci ba ya ƙara komai sai bauri. Wasu sukan jefa 'yar kanwa don a kashe tsamin, kuma lallai tana kashewa, sai dai tana mayar da jan nan mai kyau ya koma baƙi-baƙi, ta kuma tafi da ɗanɗanon da saboda shi aka nemi zoɓon tun farko. A ganina gara a ƙara ruwa da a sa kanwa. Ita tsamiya ba ta bukatar wuta sosai: a jiƙa ta cikin ruwan ɗumi na sa'a guda, a murje da hannu mai tsabta, a tace da rariya mai laushi. Kada a bar ɗayansu ya kwana a tukunyar dalma, domin tsami yana cin ta.

Ruwan zaƙi abu ne mai sauƙi da mutane da yawa ba su damu da shi ba. Sukari ba ya narkewa da kyau a ruwan sanyi, shi ya sa ake tarar da shi kwance a gindin kofi bayan an shanye. A haɗa kofi ɗaya na sukari da kofi ɗaya na ruwa, a ɗora kan wuta har ya narke, a sauke. Wanda ya sami mazarƙwaila mai kyau ya yi da ita, don tana da ƙamshin rake wanda yake tafiya da tsamiya ƙwarai. Zuma kuwa ba a tafasa ta, a dama ta da ruwan ɗumi kawai.

Na ukun shi ne wanda yake bambanta hannu da hannu. A daka ɗanyar citta kamar tsawon yatsa biyu, a haɗa da kanumfari guda shida ko bakwai, da masoro kaɗan, da kimba guda ɗaya idan ana so, a tafasa cikin kofi uku na ruwa. Kanumfari yana da ƙarfi, idan ya yi yawa sai ya danne kowa, abin shan ya koma kamar magani. Ɓawon abarba da aka wanke sosai yana ƙara ƙamshi idan aka tafasa shi tare da su.

Idan lokacin sha ya zo, a auna ludayi biyu na ruwan tsami, ɗaya na zaƙi, rabi na kayan ƙamshi, a cika da ruwan sanyi, a ɗanɗana. Amfanin wannan tsari shi ne kowa yana samun nasa: dattijon da likita ya hana wa sukari a rage masa, yaro a rage masa yajin citta, baƙo kuma a yayyaga masa ganyen na'a-na'a a sama. Mai shan maganin hawan jini da mace mai juna biyu su tambayi ma'aikacin lafiya kafin su mayar da zoɓo abin shan kullum, saboda yana saukar da hawan jini.

Sai kayan da suke zuwa su wuce. Ɗorawa tana nuna ne a tsakiyar bazara, kuma garinta mai ruwan ƙwai, idan sabo ne, yana da zaƙin da ba ya bukatar sukari. A dama shi da ruwan sanyi, a tace, a ɗiga ruwan tsamiya kaɗan don ya tashe shi. Bayan 'yan makonni sai a ga kalwa kawai ta rage ana shirin daddawa. Mangwaro ma ɗan lokaci ne, kuma wanda ya nuna a bishiya ya fi wanda aka tilasta wa nuna a buhu. A markaɗa shi da lemun tsami da ruwan citta, amma mai zare sai an tace shi sau biyu. 'Ya'yan kashu suna da ruwa da ƙamshi, sai dai baurinsu yana kama maƙogwaro, ruwansu kuma yana ɓata tufafi, don haka a matse su a hankali a gauraya da kankana, wadda manoman rani suke fitarwa da yawa daga fadamu. Goruba da garin 'ya'yan kuka su ne masu haƙuri, ana iya ajiye su watanni, saboda haka a bar su sai sauran sun ƙare.

Kunun aya yana da nasa hukunci. Ayar da aka jiƙa ta kwana, aka markaɗa da dabino da kwakwa, tana ba da abin sha mai gardi, amma a zafin Afrilu ba ya kaiwa yamma idan babu sanyi. A yi daidai wanda za a shanye, kuma kada a haɗa shi da zoɓo ko tsamiya a roba ɗaya. Haka duk wani ruwa mai sukari da aka bari cikin zafi: idan roba ta kumbura, ko aka buɗe ta yi tsaki, ko kumfa ta taso da wari mai kaifi, to ya fara ruɓa yana juyewa, sai a zubar.

Maganar sanyaya shi ita ce ta ƙarshe, kuma ita ce mai wuya inda wuta ba ta tsayawa. Ƙanƙarar da ake saya a unguwa ba kowa ya san da wane ruwa aka yi ta ba, alhali amai da gudawa ta ruwa suke bi. A sa ta cikin kula ba tare da an kwance ledarta ba, a jera robobin a gefenta, sanyin ya ratsa su daga waje. Wanda ba shi da ƙanƙara ya yi dabarar randa cikin randa, wadda Mohammed Bah Abba, malami a jihar Jigawa, ya yaɗa har ya sami kyautar kamfanin agogo na Rolex a 2000: a sa ƙaramar randa cikin babba, a cika tsakaninsu da yashi, a jiƙa yashin, a rufe baki da jiƙaƙƙen buhu, a ajiye a inuwa inda iska take wucewa. Busasshiyar iskar Maris da farkon Afrilu tana janye damshin ta tafi da zafin, amma da zarar gumin gab da damina ya shigo sai aikinta ya ragu. A riƙa jiƙa yashin safe da yamma.