Idan kwangila ta kuɓuce maka, nemi dalili a rubuce

Salamu alaikum 'yan'uwa 'yan kwangila na Garwa, Marwa da Gaundare. Akwai wata ɗabi'a tamu da ke damuna: da zarar an fitar da sakamako babu sunanmu, sai mu ce "an riga an raba" mu koma gida. Wani lokaci haka ne, amma sau da yawa laifin yana cikin takardunmu.

Dokar kwangilolin gwamnati ta Kamaru, wadda aka sa wa hannu ran 20 ga Yuni 2018, ta ba ka damar neman ɓangaren rahoton tantancewa da ya shafi kamfaninka. Rubuta wa hukumar da ta yi tallar aikin wasiƙa, cikin ladabi, ka sa su buga maka hatimi da kwanan wata a kwafinka. Kada ka tsaya kan maganar baki.

Lokacin kuwa gajere ne ƙwarai. Mai son ɗaukaka ƙara yana da kwanakin aiki 5 kacal bayan an buga sakamako, shi ya sa nake leƙa jaridar kwangiloli ta ARMP, hukumar sa ido kan kwangilolin gwamnati, kullum. Takardun neman kwangila da masu su ba su je sun ɗauka ba cikin kwana 15 lalata su ake yi, don haka je ka ɗauko naka, tare da takardar lamunin banki.

Ni bara, a wani aikin gina azuzuwa, sai da rahoton ya zo na gano cewa takardar shaidar injiniyana ce ba ta cika ƙa'ida ba. Farashina lafiya lau. Na gyara ta kafin talla ta gaba.