Kurakuran da Masu Kiwon Macijin Masara Suka Fi Yi, da Yadda Ake Gyara Su

Macijin masara ba ya kuka, ba ya haushi, ba ya bin mutum da ido yana roƙon abinci. Idan abu ya dame shi sai dai ya ƙi ci, ko ya lafe a lungu, ko ya amayo abin da ya haɗiye. Shi ya sa sabon mai kiwo kan daɗe yana cutar da shi bai sani ba. Asalinsa kudu maso gabashin Amurka ne, wajajen Fulorida da Jojiya har zuwa Luwiziyana. Ba shi da dafi, nannaɗe ɓera yake yi ya matse shi. Babba kan kai tsawon mita 1 zuwa 1.5, kuma yakan yi shekara 15 zuwa 20 a hannun mai kula da shi. Saboda sanyin halinsa ake ce wa masu farawa su fara da shi, kuma wannan sanyin halin ne ke sa a yi masa sakaci.

Abin da na lura da shi, yawancin kurakuran tushensu ɗaya ne: ana auna macijin da ma'aunin kyanwa ko kare. Ana zaton yana son wasa, yana son abokin zama, yana jin yunwa kullum. Ba haka jikinsa yake ba.

Mu fara da zafi, don shi ne uwar matsaloli. Maciji ba ya samar da ɗumin jikinsa da kansa, daga waje yake ɗauka. Da wannan ɗumin yake narkar da abinci, da shi jikinsa ke yaƙar cuta. Kuskuren farko shi ne a bar kejin duka a yanayi ɗaya, ko ya yi zafi ko'ina, ko ya yi sanyi ko'ina. Abin da ake so, gefe ɗaya ya kasance digiri 28 zuwa 30 a ma'aunin Selshiyos, ɗaya gefen kuma 21 zuwa 24, shi kuma ya zaɓi inda yake so ya kwanta. Bayan ya ci za ka gan shi a gefen ɗumi, in ya narkar ya koma mai sanyi. Don haka a sa abin ɗumamawa a ƙarshen keji, kada a sa shi a tsakiya.

Kuskure na biyu ya fi muni, wato a jona tabarmar ɗumamawa ko fitilar zafi kai tsaye ba tare da na'urar daidaita zafi ba. Maciji na iya kwanciya a kan abu mai zafi har fatar cikinsa ta ƙone bai matsa ba, kuma irin wannan ƙuna takan ɗauki watanni kafin ta warke. Duwatsun lantarki da ake sayarwa don ɗumama dabbobi masu rarrafe ma a guje su, sun sha ƙona macizai. Kada kuma ka gwada zafin da tafin hannunka, domin abin da hannunka zai ji ɗumi-ɗumi ne kawai yana iya wuce abin da macijin zai jure. Ka ajiye ma'aunin zafi biyu, ɗaya a kowane gefe, a ƙasa inda yake kwanciya. Wanda aka manna a saman gilashi zafin iskar sama kawai yake faɗa maka.

Sai abinci. Ɓera ne abincinsa, kuma wanda aka daskarar a firiza ya fi. Mutane da yawa na ganin ba shi mai rai ya fi dacewa da ɗabi'arsa, amma a cikin keji ba wurin gudu, ga ɓeran ga macijin. In macijin bai da niyyar ci, ɓeran kan juyo ya cije shi, wani lokaci a ido ko a gadon baya. A fitar da daskararren a bar shi ya saki a firiji, sannan a sa shi a leda a tsoma cikin ruwan ɗumi. A taɓa cikinsa a tabbatar babu sauran ƙanƙara, don mai sanyin ciki yana jawo amai. Kada a sa shi a na'urar ɗumama abinci ta lantarki, takan dafa wani sashe ta bar wani a daskare. A miƙa masa da dogon hantsaki, don kada ya haɗa warin hannu da abinci.

Girman ɓeran ma ana kuskure a kansa. Kada ka duba kan macijin, ka duba inda ya fi kauri a jikinsa. Ɓeran ya yi daidai da wannan kaurin, ko ya ɗan ɗara shi, amma kada ya wuce wannan kaurin sau ɗaya da rabi. Ɗan ƙanƙani da aka ƙyanƙyashe yana cin jinjirin ɓera marar gashi duk kwana 5 zuwa 7. Babba kuwa sau ɗaya a kwana 10 zuwa 14 ya ishe shi. A nan ne tausayi ke cutarwa. Macijin masara ba ya cika ƙin tayi, ko ya ƙoshi zai karɓa, mai shi kuma ya ce ai yunwa yake ji. Da haka ƙiba ke shigarsa, fata ta riƙa leƙowa tsakanin ɓawon jikinsa, ƙugunsa ya yi dunƙule kafin jela. Wannan ƙibar tana rage masa kwana. In ka ga alamarta ka ƙara tazara tsakanin ciyarwa, ka samar masa rassan da zai riƙa hawa, don yana son hawa fiye da yadda ake zato.

Akasin haka ma na faruwa: ya ƙi ci sau ɗaya, hankalin mai shi ya tashi, ya riƙa kawo masa ɓera kullum yana kaɗa masa a baki. Wannan tsoratar da shi kawai yake yi. Babban maciji mai lafiya kan yi makonni bai ci ba, musamman namiji a lokacin barbara, ko idan saɓa ta gabato. Ka duba zafin keji tukuna, ka jira mako guda, ka sake gwadawa da dare, ka bar masa ɓeran a bakin maɓoyarsa ka tafi. Abin damuwa shi ne in yana ramewa, ko in ƙarami ne ƙwarai.

Batun ɗauka kuwa, gaggawa ce matsalar. An kawo shi yau, kowa na son ya riƙe shi. Ka bar shi mako guda bai ga hannu ba, in so samu ne sai ya ci sau biyu lafiya. Bayan kowace ciyarwa kuma a ƙyale shi awa 48. Ni kaina na taɓa karya wannan doka a farkon kiwona, na ɗauko nawa washegarin ciyarwa don in nuna wa baƙo, da safe na tarar ya amayo ɓeran. Har yau abin na damuna, domin amai ba ƙaramin abu ba ne gare shi, ruwan cikinsa mai narkar da abinci yana ƙona masa maƙogwaro. In hakan ta faru kada a sake ba shi komai sai bayan kwana 10 zuwa 14, kuma a fara da ɓera ƙarami. In ya maimaita, a kai shi wurin likitan dabbobi.

Wajen ɗaukar, kada hannu ya sauko masa daga sama kamar shaho, kada a kama wuya ko jela. Ka zura hannu ta gefe, ka tallabo tsakiyar jikinsa, ka bar shi ya riƙa zarewa daga wannan hannu zuwa wancan. Minti 10 zuwa 15 ya isa. In yana kaɗa jela da sauri, ko ya saki wani ruwa mai wari, tsoro yake ji, ka mayar da shi. Ka wanke hannu da sabulu kafin ɗauka da bayanta, saboda dabbobi masu rarrafe kan ɗauki ƙwayar cutar Salmonella a kashinsu ba tare da ta nuna a jikinsu ba.

Idan saɓa ta zo, launinsa kan dushe, idanunsa su yi hazo-hazo kamar shuɗi. A kwanakin nan ba ya gani sosai, a rabu da shi. Idon zai washe, bayan ƴan kwanaki ya zare tsohuwar fatar. Lafiyayyar saɓa guda ɗaya take fita. In ta fito gutsure-gutsure, danshi ne ya yi kaɗan. Ana son ya tsaya tsakanin kashi 40 zuwa 60 cikin 100, kuma ƙaramin akwati mai gansakuka mai laima a ciki yana taimakawa ƙwarai. Ka duba saɓar ka ga murfin idanu biyu da ƙarshen jela sun fita, don fatar da ta maƙale a jela kan tsuke jini har wurin ya mutu. Kada ka fizge ta. Ka sa shi cikin tawul mai laima da ɗumi ya yi ta ratsawa, za ta saki.

Sauran a taƙaice. Kada a shimfiɗa masa dusar katakon sida ko fain, mansu na cutar da numfashinsa. Ta itacen asfen ko takarda ta fi. Maɓoya biyu yake buƙata, ɗaya a kowane gefe, matsattsu yadda jikinsa zai taɓa bango. Tsawon keji kada ya gaza tsawon macijin. Kada a haɗa biyu wuri ɗaya, ba ya kewar kowa, ƙanana ma kan haɗiye juna. Numfashi da baki buɗe, ko majina, ko ƙara kamar fito, aikin likita ne nan take. In ya tare a kwanon ruwa, ka duba jikinsa ko akwai baƙaƙen ƙwari ƙanana masu kama da kaska.

Ƙofar keji kuma ta zama mai makulli ko maƙali mai ƙarfi. Littafi a kan murfi ba ya tsare shi, duk ramin da kansa ya shiga jikinsa zai bi. In ya ɓace ka rufe ƙofar ɗakin, ka fara nema kusa da kejin, bayan firiji, ƙarƙashin kujera, cikin takalmi, duk inda ke da duhu da ɗumi. In ba ka gan shi ba, ka barbaɗa gari a gindin bango, ka ajiye kwanon ruwa, da safe ka duba sawunsa.